Sanyi a kan titi, zufa a gosulo: fashin baƙi kan fankar esin tsohuwar mota

Tsakiyar watan Afrilu ne, na taso daga Daura wajen ƙarfe biyu na rana a cikin tsohuwar Marsandina, irin wadda ake kira V-boot. Tun daga fitowa gari har muka wuce Mashi, esin motar yana aiki kamar jiya aka ɗaura shi, har abokin tafiyata ya kawar da ramin iskar daga fuskarsa. Muna shigowa Katsina muka faɗa cunkoson 'yan ɗaurin aure a wajen Ƙofar Marusa. Ba mu yi minti biyar a tsaye ba iskar ta fara ɗumi, daga nan ta koma kamar hucin tanda, allurar zafin inji kuma ta haura sama da inda ta saba zama. Da hanya ta buɗe na taka mota, sai ga sanyi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota a garin nan ya san wannan hali, kuma kusan kowa abu guda yake fara cewa: gas ya ƙare. Ni ma haka na ce. Washegari na kai ta wurin wani mai ɗura gas, ya taɓa bututu da bayan hannu, ya girgiza kai, ya ƙara mani gas ba tare da ya ɗora geji, wato ma'aunin matsin gas, a ɓangaren matsi mai ƙarfi ba. Na biya na tafi. Abin da na samu shi ne kwamfireso ya shiga kamawa yana saki, bel yana kuka duk lokacin da na tsaya, sanyin kuwa ya ƙara baya. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai an fahimci abin da esi yake yi kafin a gane laifin fanka. Esi ba ya ƙera sanyi. Zafin da ke cikin mota yake kwashewa ya kai waje ya zubar. Gas ɗin kamar ɗan garuwa ne, sai dai shi zafi yake ɗauka ba ruwa ba. Yana cika jarkokinsa a cikin dashbod, kwamfireso ya matsa shi ya tura shi gaba, ya je ya juye a kwandensa, wato wannan siririn abin mai kama da lagireto da ke gaban lagireton kansa, daf da hancin mota. A can ne gas mai zafi yake hucewa ya koma ruwa, ya sake shiga ciki ya ɗebo wani zafin. Amma kwandensa ba ta karɓar kayan sai iska na ratsa ta. Idan kana gudun kilomita 90 a hanyar Daura, iskar hanya ta wadatar, ko da fanka ko babu. Idan ka tsaya a gosulo, iskar hanya ta ɗauke, sai abin da fanka ta kawo. In fankar ta mutu, ɗan garuwa ya iso da kaya babu inda zai juye.

Daga nan matsi yake tashi. Gas ɗin R134a, wanda motoci suka koma amfani da shi a farkon shekarun 1990 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa an fara janye tsohon R12, matsinsa yana bin zafinsa sau da ƙafa. Motar da ke ajiye a zafin digiri 40, irin na azahar ɗin bazararmu, matsin gas ɗinta ya kai wajen 9 a ma'aunin matsi da ake kira bar, tun ba a kunna komai ba. Idan esi na aiki kuma kwandensa ta kai digiri 60, matsin yana wajen bar 16, kimanin 230 ke nan a ma'aunin psi da gejin masu esi ke nunawa. In iska ba ta zo ba, haka zai yi ta hawa ya wuce 300, ya doshi 400, har makunnin kariya ya kashe kwamfireso don kada bututu ya fashe. Matsi ya ɗan sauka, kwamfireso ya sake kamawa, a sake komawa gidan jiya. Wannan shi ne kama-sakin da nake ji. Gas ɗin da aka ƙara mani kuwa ƙara wa mai kaya kaya aka yi.

Ba na cewa duk esin da ya yi rauni a tsaye fanka ce. Kwamfireson da ya gaji shi ma yakan kasa a silo, wato lokacin da mota ke tsaye inji na juyawa a hankali, ya farfaɗo in an taka mota, gas ɗin da ya ragu ma yakan ɗan nuna haka. Amma idan raunin sanyi ya zo tare da hawan allurar zafin inji, kuma duka biyun suna gyaruwa da zarar an kama gudu, to iska ake nema, ba gas ba.

Wani dattijo mai wayarin ne ya nuna mani haka ba tare da dogon bayani ba. Ya sa na tayar da mota na kunna esi, muka jira har iskar ta yi ɗumi. Ya ce wa yaronsa ya miƙo buta. Ya riƙa yayyafa ruwa a kan kwandensa ta cikin ragar gaba, ya ce mani, “Alhaji, shiga ka sa hannu.” Kafin in gyara zama iskar ta yi sanyi, kukan bel ya tsaya. Na leƙo na ce, “Baba, ya dawo fa.” Ya ce, “To gas ɗinka lafiya lau, har ya yi yawa. Ruwan nan aikin fanka ya yi maka.” Na duba ta cikin raga, ga fankar nan tsaye cak, ko motsi ba ta yi.

Fanka biyu ce, ba ɗaya ba

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Motoci irin su V-boot, wadda Mercedes ta fara ƙerawa a 1984, da ƙanwarta 190, da tsofaffin BMW, injinsu a miƙe yake daga gaba zuwa baya. Suna da babbar fanka a bayan lagireto wadda injin da kansa ke juyawa, da kulochi mai ɗan mai a ciki wanda yake ƙara kamawa in zafi ya ƙaru. Ita ce ka ke gani tana juyawa duk lokacin da ka buɗe bonet, shi ya sa mai mota zai rantse maka fankarsa na aiki. Sai kuma ta biyu, ta lantarki, wadda ke ɓoye a gaban kwandensa, bayan raga. Wasu ɗaya ce babba, na baya-bayan kuma tagwaye ne. Ita ce fankar taimako, kuma ita muke magana a kai. Babbar tana tafiya da gudun inji, saboda haka a silo ƙarfinta kaɗan ne, daidai lokacin da aka fi bukatar iska. Don cike wannan giɓi aka sa ƙaramar.

Motocin Japan da suka cika titunanmu, su Honda Accord da Toyota Camry da Corolla, injinsu a gicciye yake, ba su da fankar inji sam. Fankoki biyu na lantarki ne a bayan lagireto, ko ɗaya babba. Ka'idar binciken ɗaya ce, sai ɗan bambancin da zan zo kansa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, fankar lantarki ba ta tashi da ra'ayin kanta. Umarni take jira. A V-boot masu ba da umarnin biyu ne. Na farko makunnin matsi ne da ke ɗaure a jikin diraya, wannan ɗan gwangwanin da gas ke bi ta cikinsa bayan ya fito daga kwandensa. Idan matsi ya kai wajen bar 16 zuwa 20, gwargwadon shekarar motar, sai ya haɗa, fanka ta tashi da ƙaramin gudu. Na biyu mai auna zafin ruwan inji ne, wanda in ruwa ya kai wajen digiri 105 zai tayar da fankar da cikakken gudu, irin wanda ka ke jin ƙararsa daga nesa. Kowane umarni yana da rilensa, wato ɗan makunnin da ke karɓar umarnin ya haɗa wa fanka wuta. Ƙaramin gudun kuma ana samunsa ne ta hanyar bi da wutar ta cikin rezista, wadda ke cinye wani kaso na wutar ta mayar da shi zafi. Ke nan tsakanin batir da fanka akwai fis, akwai rile, akwai rezista, akwai soket-soket, akwai wayar da ke komawa jikin mota, wadda masu wayarin ke kira at. Kowanne daga ciki ya mutu, fanka za ta yi shiru, kuma ita za a ɗora wa laifi.

Dattijon nan daga fankar ya fara, ya riƙa ja da baya. Na ga hikimar haka daga baya: fanka ita ce mafi tsada a layin, gwajinta kuma shi ne mafi sauƙi. Mota a kashe, ya zare makulli ya sa a aljihunsa, ya sa yatsa ya juya fiffiken. Ya juya sumul, babu kartawa, babu tauri. Da ya ji tana cijewa, da boris ko bushin ne ya ci ƙasa. Sai ya cire soket ɗinta, ya ɗauko wayoyi biyu masu kauri, ɗaya da fis a tsakiya, ya jona kai tsaye daga batir. Fanka ta ɗauka da ƙarfi har ƙura ta tashi mana a fuska. Magana ta ƙare a kanta: lafiyarta ƙalau.

Da ba ta tashi ba, akwai abin da ake yi kafin a yanke mata hukunci. A bar wutar a jone a ɗan ƙwanƙwasa bayan ɗan injin lantarkin da ke juya fankar da ƙotar sukundireba. In ta zabura ta tashi, gawayin da ke ciki ne ya cinye, wanda ake kira burushi. A tsofaffin fankoki da yawa ana iya buɗewa a canza shi, kuma sau da yawa fankar asali da aka yi wa sabon burushi ta fi sabuwar kwali mai araha daɗewa. Irin wannan fanka ce ke wahalar da mutane, yau ta yi gobe ta ƙi, ka kai ta gareji ta tashi a gaban makanike ta kunyata ka.

Fis da rile

Fis ba ya bukatar dogon zance, sai dai na tsohuwar Marsandi yana da nasa hali. Ba irin mai ƙafa biyu na roba ba ne. Dogo ne kamar ƙwayar dabino, da siririn ƙarfe a bayansa, fari na amfiya 8, ja na 16, shuɗi na 25. Bakinsa biyu yakan yi tsatsa ko ya lotsa, ka gan shi da ido lafiya alhali wuta ba ta wucewa. A murza shi a mazauninsa, a goge, ko a canza da mai jan ƙarfe. A motocin da ke da fis mai ƙafa biyu kuwa, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa, ba fis ɗin ne mara kyau ba. Wani abu ne ke jan wutar da ta wuce ƙima, galibi fankar da ta fara cijewa, ko wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Masu naɗa wayar kwafa ko takardar kwalin sigari a gurbin fis, gobara suke ajiye wa mai mota.

Rile ɗan aike ne. Fanka tana jan wuta mai yawa, amfiya goma zuwa ashirin ko fiye, ƙaramin makunni ba zai iya ɗauka ba. Sai makunnin ya aika 'yar wuta kaɗan zuwa rile, shi kuma rile ya haɗa babbar waya. In ka juya shi za ka ga lambobi a ƙafafunsa: 85 da 86 su ne na saƙon, 30 ita ke kawo wuta daga batir, 87 ita ke kai ta ga fanka. Gwaji mafi sauƙi shi ne musanya shi da wani irinsa sak da ka san yana aiki. In babu, a zare shi a haɗa ramin 30 da na 87 da guntuwar waya mai kauri. Fanka ta tashi, to daga fis har fanka hanya a buɗe take, matsalar tana ga rilen ko ga wanda ke aiko masa saƙo. Ƙarar “ƙyas” da rile ke yi ba shaidar lafiya ba ce. Yana iya yin ƙarar alhali bakin da ke haɗa wutar a ciki ya ƙone.

Akwai tarkon da ko masu wayarin kan faɗa. Fitilar gwaji tana kamawa da wuta 'yar kaɗan. Wayar da ta ruɓe saura silli biyu za ta kunna fitilar, mita ma ta nuna maka bolt 12 cif, amma da zarar fanka ta nemi abincinta wutar ta ɓace. Shi ya sa dattijon ke ajiye tsohon ƙwan fitilar gaba mai wat 55 da wayoyi a jiki. Shi yana jan sama da amfiya huɗu, in ya haska sosai to wayar na iya ɗaukar kaya, in ya yi ja-ja kamar garwashi akwai ruɓa a hanya. Haka ake gwada wayar at ma, wadda aka fi mantawa da ita. Ƙusar da ta ɗaure ta a jikin mota takan yi tsatsa, musamman a motar da ta taɓa zuwa wurin mai gyaran jiki aka fesa fenti a kan wurin.

Inda tawa ta ɓuya

Da ya tabbatar da fanka da fis, sai ya koma ga masu ba da umarni. Makulli a kunne, ya zare wayoyi biyun da ke kan makunnin matsi na jikin diraya, ya haɗa su da juna. Wannan kamar ya yi wa motar ƙarya ne cewa matsi ya kai. Muka ji rile ya yi ƙyas a akwatinsa, fanka ko gezau. Ya koma wajen mai auna zafin ruwa ya yi masa irin wannan dabara, sai fanka ta ɗauka da cikakken gudu. Ya miƙe ya share hannu ya ce, “Babban gudu na nan, ƙarami ne babu. Me ke kan hanyar ƙarami wanda babu shi a hanyar babba?” Yaronsa ya riga ni amsawa: rezista.

Tana bayan fitilar gaba ta hagu, 'yar farar aba mai kama da alli da waya naɗe a ciki. Da ya haska tocila, ba sai an faɗa ba. Ɗaya daga wayoyin ta ƙone daga bakin ƙusa, robar ta narke ta yi baƙi, kwafar ta koma kore tana marmashewa a hannu. Wurin yana ɗaukar zafi shekara da shekaru, ƙusa ta ɗan saki, sakin ya ƙara zafi, zafin ya cinye wayar. Rezistar kanta da aka auna ba ta yanke ba. Ya datse wayar har inda kwafa ke sheƙi, ya sa sabon kai, ya goge ƙusar ya ɗaure tamau. Ya sake haɗa wayoyin diraya, fanka ta tashi a hankali da ɗan gurnaninta.

Wannan ya bayyana abin da ya daɗe yana ɗaure mani kai. Ina jin fankar tana tashi jefi-jefi da ƙara mai ƙarfi, shi ya sa ban taɓa zarginta ba. Ashe sai inji ya kusa tafasa take tashi, a kan umarnin zafin ruwa. Umarnin esi kuwa, wanda ya kamata ya zo tun da wuri, ya daɗe da yankewa a hanya.

Sai dai a yi hattara da juyin wannan magana. Da a ce ya haɗa wayoyin diraya fanka ta tashi lafiya, amma in an mayar da su ba ta tashi, ba lallai makunnin ne ya mutu ba. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa: matsin bai kai ba. Motar da gas ɗinta ya ragu ba za ta kai bar 16 ba, fanka kuma ba za ta tashi ba, kuma ba ta yi laifi ba. Haka in ka gwada da sassafe a cikin hunturu, lokacin da garin ke da sanyi, tana iya daɗewa ba ta motsa ba. A nan geji ne kaɗai ke raba gardama. A ɗora shi a ɓangaren matsi mai ƙarfi a zuba ido. Allura ta wuce inda ya kamata fanka ta tashi ba ta tashi ba, makunni ne. Allura ba ta kai ba, a nemi inda gas ke zurara. Kuma a sani, a motoci da yawa cire wannan makunni yana nufin zubar da gas gaba ɗaya, don haka ba abin da ake canzawa da ka ba ne. In gas ya yi ƙasa sosai, wajen bar 2, kwamfireso ma ba zai kama ba.

A motocin Japan dabarar gwajin takan juya. A tsofaffin Honda, haɗa wayoyin makunnin zafi ake yi fanka ta tashi, kuma a yawancinsu fankokin biyu suna tashi tare da zarar kwamfireso ya kama, saboda haka in ka kunna esi ka ga ɗaya kawai ke juyawa, ka samu bakin zaren. A tsofaffin Toyota da yawa kuwa zare soket ɗin ake yi ta tashi. Wasu Toyota, da wasu Peugeot 406 masu tagwayen fanka, ba su da rezista. Don samun ƙaramin gudu, rile uku ne ke jera fankokin biyu a layi ɗaya su raba wutar, in ana son babban gudu kowace ta samu nata cikakke. Illar wannan tsari ita ce, ɗaya ta mutu, ƙaramin gudu ya mutu ga duka biyun, sai a zaci duk sun lalace a sayi biyu. Rilen 406 kuma a gaba suke, kusa da fankokin, inda ruwan damina da na masu wankin mota ke samunsu.

Fanka na juyawa, amma banza

Akwai kuma motar da fankarta ke juyawa sanyi bai samu ba. Abu na farko, ina take tura iskar? Fankar da aka ciro daga wata mota, daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, wataƙila an ƙera ta ne don ta zauna a bayan lagireto ta ja iska, aka kawo ta gaba. Ko kuma an juya wayoyinta biyu, tana juyawa da baya. Irin wannan a gosulo tana tura iskar inji mai zafi waje ta cikin kwandensa, a kan titi kuma tana kokawa da iskar hanya. Gwajin ba ya cin ko sisi: ɗora fallen takarda a kan ragar gaba. Ta manne, daidai ne. Ta faɗi ko ta tashi sama, an yi aikin baibai.

Na biyu datti. Tsakanin kwandensa da lagireto akwai ɗan rata da ido ba ya gani sai an kwance saman an ɗan raba su. Abin da ke taruwa a nan bayan hunturu biyu ko uku sai wanda ya gani: ƙura da ta daskare kamar tabarma, gashin kaji, ƙaiƙayi, fara, guntayen leda. A wanke da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba in da hali. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana kwantar da siraran haƙoran kwandensa, garin neman gira a rasa ido.

Na uku, ga masu fankar inji, kulochin nan. In man cikinsa ya tsiyaye, fiffike zai riƙa juyawa don ganin ido kawai. Inji da zafi, a kashe shi, a tura fiffiken da hannu. Ya kamata a ji yana riƙewa. In ya yi ta wulwulawa kamar fankar silin, ya gama aiki. Wasu makanikai kan ɗaure shi da ƙusa ya zama dindindin. Iska za ta samu, amma da ƙara kamar jirgi, da ƙarin shan mai, da wahalar da famfon ruwa, kuma tsohon fiffiken roba na iya tarwatsewa a babban gudu ya huda lagireto.

Wannan ya kawo mu ga maganin da aka fi bayarwa a garejinmu: “A yi mata dairek kawai.” Wato a jona fanka da makulli, tana kunne muddin mota na kunne. Na fahimci dalilin, garinmu da zafi, kuma mai mota yana son ya daina tunanin abin. Amma yawanci yadda ake yin sa ne matsala. A jawo siririyar waya daga bayan makulli, babu rile, babu fis, a naɗe da salatif. Makullin da ba a yi shi don ɗaukar amfiya ashirin ba ya fara zafi, wata rana ka murza ya ƙi, ko hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari. Fankar da aka yi don ta riƙa hutawa kuma tana aiki ko a sanyin Janairu a kan babban titi, burushinta ya ƙare da wuri. Uwa uba, ainihin abin da ya lalace yana nan ba a gano shi ba. Sau da yawa a rana guda ake cire tamostat ma, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar, wai ba a yi shi don ƙasarmu ba, inji ya koma daɗewa bai kai zafin aikinsa ba.

In dole sai an sauya tsarin, akwai hanyar da na yarda da ita. A sa sabon rile, saƙonsa ya fito daga wayar da ke kama kulochin kwamfireso, babbar wutarsa ta fito daga batir da waya mai kauri da fis daf da batir ɗin. Ta haka fanka za ta tashi duk lokacin da esi ke aiki, ta huta in an kashe shi. Hanyar zafin ruwa kuma a bar ta yadda kamfani ya yi ta, don ita ce mai ceton inji ranar da esi ke kashe.

Duk wanda zai sa hannu a wurin nan ya tuna fankar lantarki tana iya tashi ba sallama, a wasu motocin ko da an zare makulli, saboda haka a cire kan batir ko soket ɗinta tukuna. Hannun babbar riga da bel ba sa shiri. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, gas ɗin esi kuma in ya fesa a fata yana ƙuna, a ido ya fi muni.

Tawa dai ba ta ƙare a wurin dattijon ba, saboda gas ɗin da aka cusa mata yana nan. Ya tura ni wurin wani mai esi da ke da sikeli, aka kwashe gas ɗin duka, aka zuƙe iskar da ke cikin bututu da injin zuƙa, aka zuba sabo da awo, kimanin kilo guda, kamar yadda takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ta nuna. Muka tsaya da ita a rana, esi a kunne, geji a jiki. Allura ta hau a hankali, tana isa wajen psi 230 fanka ta tashi, allurar ta tsaya, ta fara sauka. Na ciro rasit ɗin mai daga aljihu na ɗora a kan raga, ya manne. Kulochin babbar fankar kuwa mun tura shi da hannu ya zagaya sau uku kafin ya tsaya, na ba da saƙon wani daga Kano, ana sa ran zuwansa ranar Laraba.